Baba ya rasu ya bar rumbu cike, gonar kuma ana so a yanka ta fulotai

Autan Gandu:
Assalamu alaikum 'yan wannan zaure. Kun daɗe ba ku ji ni ba. Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, shekaranjiya muka yi sadakar arba'in a ƙauyenmu da ke yankin Ɗambatta. Waɗanda suka kira da waɗanda suka taka har gida, na gode, Allah ya bar zumunci.

Akwai abin da ke cin raina tun ranar, na ce bari in kawo shi nan, don na san 'ya'yan manoma suna da yawa a cikinku.

Da baƙi suka watse, babban yayanmu ya ce a duba rumbunan Baba kafin a zauna maganar gado. Rumbu uku ne a bayan gida, biyu su ake ci. Babban kuwa da aka ɗaga jinkarsa, ni na hau tsani na leƙa, ƙamshin tsohon gero da toka ya bugi hancina. Dammuna ne a jere har wuya, an barbaɗa toka, an cusa ganyen darbejiya a tsakani, ko ɗaya ba a kwance ba. Yaya ya ce geron shekara uku ke nan. Mutumin da ya yi wata huɗu yana jinya, muna ta karo-karon kuɗin magani, bai taɓa cewa a buɗe rumbun nan a kai kasuwa ba.

A ɗakinsa na tarar da garmarsa jingine a bayan ƙofa. Ƙotar ta yi sulɓi kamar an shafa mata mai, inda yake riƙewa har ya lotsa. Na ɗora hannuna a wurin, yatsuna ba su cika gurbin nasa ba. Nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Baba bai san shekarar haihuwarsa ba. Yana dai cewa yana saurayi aka ba da mulkin kai a 1960, a daminar ce ma mahaifinsa ya yanka masa gayauna. Bai taɓa cin albashin kowa ba. Da gonar nan ya aurar da mu tara, maza biyar mata huɗu, ya biya haraji har aka daina karɓa, ya riƙe ni a makaranta har na zama malami a Kano. Duk kaka in aka ɗaure dami tara, na goma gefe yake ajiye shi tun a gona, ba ya shiga gida, na zakka ne.

To yanzu titi ya bi ta gefen gonar. Ko kwana bakwai ba a yi ba dillalai suka fara zuwa gaisuwa, ido na kan filin. Yayyena uku sun ce a sayar a yanka fulotai, kowa ya kama rabonsa. Ban ga laifinsu ba, kowa da nauyin da ke kansa, kuma duk cikinmu babu mai zama a ƙauyen sai Yaya babba, shi ma gwiwa ta hana shi duƙawa. Amma ni bakina ya kasa cewa to. Me kuke gani?

Baban Zahra:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba, ya sa aljanna ce makoma, ya ba ku haƙurin rashi.

Gwaggon Yara:
Allah ya kai haske kabarinsa. Wallahi da na karanta zancen ƙotar garmar nan sai da na ajiye wayar. Irin ta na nan a ɗakin tsohonmu, shekara goma sha ɗaya ba a ɗaga ta ba.

Abu Sadik:
Allah ya gafarta masa, ya sa ya huta. Malam Auta ka yi haƙuri, zan faɗi abin da wataƙila ba zai yi daɗin ji a lokacin makoki ba, amma kai ka nemi shawara.

Ni ma ɗan gandu ne. Mahaifina ya rasu bayansa a tanƙware, shekarunsa biyar na ƙarshe ba ya iya miƙewa ya dubi mutum ido da ido sai ya karkata kai. Noma ne ya yi masa haka. Mu da muka gudo birni muna son mu riƙa tuna ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari da tumu a bakin wuta, mu manta da kwanakin marka, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, ana kwana da tafasa da rama a ciki. Mu manta da bashin kaka, ka karɓi tiya ɗaya a watan takwas ka biya biyu in an yi girbi. Ni ina aji biyar aka cire ni daga makaranta saboda gandu na buƙatar hannu. Daga hantsi zuwa azahar muna gonar gida, sai la'asar kowa ya je gayaunarsa da ragowar ƙarfinsa. Kai auta ne, an bar ka ka yi karatu, yayyenka su suka duƙa. In yau sun ce a sayar, ka saurare su da kyau, su suka san nauyin garmar da kake kuka a kanta.

Kuma ka yi lissafi. Gona ɗaya, mutum tara, ga iyaye mata. In aka raba kowa zai samu abin da bai fi a yi shukar kuɓewa ba. Ga tsadar taki, ga kuɗin ƙwadago, ga kai kana Kano. Kada mu yi wa talauci kwalliya don iyayenmu sun jure shi.

Autan Gandu:
Abu Sadik, ban ji haushi ba ko kaɗan. Gaskiya ka faɗa, su suka duƙa ni na tafi makaranta, kuma kuɗin littafina daga guminsu ya fito. Shi ya sa ban iya ɗaga musu murya. Abu ɗaya dai zan gyara: Baba bai ɗauki kansa matalauci ba, kuma ƙauyen ma ba su ɗauke shi haka ba. In marka ta yi tsanani ƙofarsa ake zuwa da ƙwarya bayan isha'i, lokacin da ba mai ganin mutum. Ban taɓa jin ya ce a dawo masa da biyu ba.

Tsohon Malamin Gona:
Allah ya jiƙan dattijo. Na yi shekaru ina yawo a ƙauyukan Kano a kan babur ina koya wa irin mahaifinku noman zamani, kuma in faɗa muku gaskiya, abin da na koya a wurinsu ya fi wanda na koyar.

Ya kamata samarin zauren nan su san abin da mutanen zamanin Baba suka gani. Sun tashi a lokacin gyaɗa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama kuɗin talaka: da ita ake biyan haraji, a yi aure, a sayi keke. Dalar gyaɗar da kuke gani a hoto buhuna ne da aka tara suna jiran jirgin da zai kwashe su zuwa Legas, kuma kowane buhu daga irin gonar Baba ya fito, ba daga wata katafariyar gona ba. Hukumar ciniki ce ke yanka farashi, kuma abin da take ba manomi bai kai abin da ake sayarwa a kasuwar duniya ba. A nan ina tare da Abu Sadik, an ci gumin mutanen nan. Sannan aka yi farin 1972 da 1973, kafin a farfaɗo sai kuturtar gyaɗa ta 1975, wadda darɓa ke yaɗawa, ta cinye gonaki. Daga nan dala ta rushe. Haraji kuwa sai 1979 Abubakar Rimi ya soke shi tare da jangali a jihar Kano.

Duk wanda ya ratsa waɗannan shekarun bai sayar da gonarsa ba, ba ƙaramin masani ba ne. Ku dubi yadda suke shuka. Gero a fara da shi da ruwan fari, wani ma ya yi binne tun ƙasa na bushe. Dawa ta biyo, kaura ko farafara. Wake a soka shi a tsakani daga baya, gyaɗa a yi mata gicci. Mu a lokacin muna ce musu su ware kowane iri da gonarsa, su yi layi, su zuba takin sufa da kamfa. Wani dattijo ya taɓa ce min, ɗana, in ruwa ya ɗauke da wuri gero ya riga ya nuna, in ya daɗe dawa ta samu, in duka suka ƙi ga harawar wake ga dabbobi, kai wanne ka tanadar min? Ban sami amsa ba. Daga baya masana a Samaru ta Zariya da sauran wurare suka tabbatar da cewa wake da gyaɗa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, haɗin kuma yana rage asara.

Taki ma haka. A wancan zamani, a ƙauyukan da ke kewaye da birni jaki ke kai itace Kano ya dawo da mangalar shara. Na nesa kuma su sauki Fulani a gona da rani, shanu su ci kara su bar kashi, a ba makiyayi hatsi. Gonar da aka yi shekara sittin ana ciyar da ita haka, Malam Auta, ba ƙasa ce kawai ba. In aka zuba mata bulo, babu kuɗin da zai sake yin irinta. Ina tambaya: akwai wuta-wuta, ciyawar nan mai shanye ƙarfin hatsi, a gonar?

Autan Gandu:
Ranka ya daɗe, kaɗan ce a gefen yamma. Baba da hannu yake tuge ta kafin ta yi fure, ya tara ya ƙone. Ko a hanyar masallaci ya gan ta a gonar wani sai ya tsaya ya cire.

Abu Sadik:
Malam, duk abin da ka lissafa na yarda. Amma ilimin yana kan mutumin ne, mutumin kuma ya tafi. Wa zai tuge wuta-wutar bana? Auta daga aji? In aka ba ɗan haya, shekara uku zai tatse ta da yuriya ya bar muku fako. Gara a sayar tana da daraja da a bar ta ta mutu a hankali.

Maman Ilham:
Allah ya jiƙan Baba. Na karanta tun daga sama, ina jira in ga wanda zai ambaci mutum ɗaya, ban gani ba. Malam Auta, an ce akwai iyaye mata. Ina Inna a cikin wannan labarin?

Ni 'yar manomi ce daga wajen Gezawa. Dami in ya shiga rumbu an gama aikin maza ke nan, na mata kuma ranar yake farawa. Wa ke sussuka? Wa ke sheƙa, ta yi surfe, ta wanke, ta daka, kafin injin niƙa ya zo garin? Innarmu tun asalatu take kan turmi, don fura ta isa gona kafin rana ta take, mu 'yan mata mu ɗauka a ka da ƙwaryar nono. In aka cire gyaɗa mu ke tsinka, mu ke ɓarewa har yatsu su tsage. Kason da Baba ya ba ta ta soya, ta kai niƙa, ta zauna ta murza tunkuza da ruwan zafi har mai ya tsatso, ta tsiyaye a kwalba, ragowar ta mulmula ƙuli-ƙuli. Ina ganin hannunta yanzu haka, ja wur saboda zafi, tana murzawa tana goge fuska da kafaɗa. Da kuɗin man nan aka yi mana kayan ɗaki mu huɗu. Da shi aka sayi akuyar da aka sayar ranar da ƙanena ya kwanta asibiti. Amma in ana yabon gidanmu sai a ce Malam manomi ne na gaske, a tsaya nan.

Na biyu, kun ce ku tara ne, amma ra'ayin maza kawai na ji. Yayyenka uku sun ce a sayar, kai ka ƙi, Yaya babba na tsakiya. Mata huɗun fa? Mu da aka raba tamu gonar ba a kira mu ba, sai dai aka aiko mana da kuɗi a ƙulle aka ce rabonmu ne. Ni da an tambaye ni ƙasa nake so, ko taki goma ce. Har yau abin na raina.

Kafin ka tambayi zaure, ka je ka zauna gaban Inna ka tambaye ta. Kuma ka tambaye ta dalilin wannan rumbun na shekara uku. Ba a banza namiji ke hana kansa magani ga hatsi a ajiye ba. Matarsa ta sani.

Gwaggon Yara:
Allah ya yi miki albarka Maman Ilham. Kin faɗi abin da ke bakina.

Autan Gandu:
Hajiya, kin kama ni, kuma na karɓa. Innata tana takaba ita da abokiyar zamanta, mun ɗauka ba lokacin dame su da maganar fili ba ne. 'Yan'uwana mata kuwa ba a hana su magana ba, amma gaskiya ba a tambaye su ba. Juma'a in an tashi daga makaranta zan tafi.

Ɗan Magarya:
Gaisuwar ta'aziyya daga Damagaram. Allah ya jiƙan tsoho. Tsakaninmu da ku ba nisa, gero ɗaya muke ci, fari ɗaya ke dukanmu. Yunwar 1984 a wajenmu El Buhari ake ce mata, don ta zo daidai lokacin da aka rufe iyaka, hatsin Najeriya ya daina shigowa. Ta 2005 kuma da idona na gan ta. Duk gidan da ya tsaya da ƙafarsa a shekarun nan, za ka tarar akwai wani tsoho mai taurin kai a kan rumbu.

Ina so in tambayi Malam Auta ko akwai gawo a gonar. Dalili, a ƙasarmu ta Magarya da Matamai da Mirya, gona mai gawo daban take. Itacen nan da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, da rani kuma ya yi kore, dabbobi su taru a inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar taki. Geron gindin gawo ko daga nesa ka hango shi ka san shi. Bayan farin 1984 mutanen wajen Maradi suka fara abin da muke kira sassaben zamani: in ana sharar gona ba a tumɓuke kututture, sai a zaɓi tsiro ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran. Da haka gonaki da yawa da suka zama fili fetal suka sake yin itace, ba tare da an dasa ko ɗaya ba.

Abin da ya sa na kawo wannan, Abu Sadik ya ce ilimin ya tafi da mai shi. Ba duka ba. Wani yana tsaye a gonar. Gawon da tsoho ya bari tun yana tsiro zai ci gaba da yi wa ƙasar aiki ko ɗan haya ne ke nomanta, muddin an hana shi sara.

Autan Gandu:
Akwai guda bakwai, duk a can ciki nesa da titi. Da ƙanana da yawa da ya kewaye da ƙaya saboda awaki.

Na Batsari:
Allah ya jiƙansa. Ni ba shawara zan bayar ba. Gonar mahaifina na nan, ba a sayar ba, ba a raba ba, amma damina huɗu ke nan ba wanda ya taka ta, saboda tana bakin daji. Kun san halin da yankinmu ya shiga. Tsohon yana nan tare da ni a Katsina, a ɗakin haya. Duk ranar da hadari ya haɗu sai ya fito ƙofar gida ya tsaya yana kallon gabas, in aka yi ruwa ya tona ƙasar bakin kwata da yatsa ya ga inda laima ta kai, ya ce wannan ya isa shuka. Sannan ya koma ciki. Ku da kuke iya zuwa taku gonar da rana tsaka ku dawo lafiya, ku dai yi tunani sosai kafin ku sa hannu a takarda.

Baban Zahra:
Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya mayar da kowa gidansa.

Almajirin Zaure:
Amin. Allah ya gafarta wa mamacin. Ga ɗan abin da na sani ta fuskar shari'a, sauran sai ku je wurin malamin da zai raba muku.

Da farko gonar da hatsin rumbun duka gado ne, bayan an biya bashi in akwai, an zartar da wasiyya in ya bari. Matansa biyu suna tarayya a tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, tunda akwai 'ya'ya. Ragowar a raba, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Rabon mace a cikin ƙasar yake, ba wanda ke da ikon mayar mata da shi kuɗi sai da yardarta. Abin da aka yi wa Maman Ilham ba daidai ba ne, ko da kuɗin sun cika.

Na biyu, wanda yake son sayar da rabonsa ba a hana shi, haƙƙinsa ne, kuma ba saɓa wa mahaifi ba ne. Amma akwai abin da ake kira shuf'a a mazhabarmu ta Malikiyya: matuƙar filin bai rabu ba, in ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, abokan tarayyarsa sun fi cancanta su karɓa a kan kuɗin da aka saya. Don haka ba dole ne a ce ko a sayar duka ko a bari duka ba. Malam Auta, kada ka riƙe yayyenka da kunya, su ma kada su ja ka da yawa. Ku auna, kowa ya san nasa, zumunci ya fi filin tsada.

Abu Sadik:
Wannan na yarda da shi. Ni dama abin da nake gudu a hana mai buƙata haƙƙinsa da sunan tuna Baba.

Autan Gandu:
Salamu alaikum. Na dawo daga ƙauye jiya da dare. Maman Ilham, Allah ya saka miki da alheri, da ba ki yi magana ba da na rasa abin da ban san ma akwai shi ba.

Bayan sallar magariba na shiga ɗakin Inna na zauna a bakin tabarma. Na tambaye ta rumbun. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, shekarar da aka canza kuɗi, fam ya koma naira, ka san ta? Na ce 1973. Ta ce a shekarar sau uku suna shuka tana ƙonewa. Aka sayar da jaki, aka sayar da awakinta, aka ci abin da ke rumbu har ƙasa. Da abin ya kai maƙura Baba ya sauko da irin da aka rataye ya miƙa mata ya ce ta daka. Tana da goyo a lokacin, ɗa namiji tsakanin Yaya babba da mai bi masa, nono ya ƙafe, yaron bai kai kaka ba. Ni shekarata arba'in ban taɓa jin muna da wannan ɗan'uwan ba. Ta ce ranar da aka dawo daga binne shi Baba ya tsaya a gaban rumbun da ba komai a ciki ya ce in Allah ya ba shi rai, ba za a sake ganin gindin rumbu a gidansa ba. Da yana jinya ita da kanta ta ce a fitar da dami ashirin a kai kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi, ya ce a'a, shi ya ci nasa rabon, wannan na jikoki ne.

Sai na tambaye ta, in an cinye iri, da me aka yi shuka da damina ta dawo? Ta ce da ƙafa ta tafi garinsu, tafiyar yini guda, mahaifinta ya ba ta zangarniya goma sha biyu na irin geron da ake kira zango, ta ƙulle a zane ta goyo su a baya kamar jariri. Geron da muke ci a gidan nan shekara hamsin, jikan waɗannan ne. Kuma duk kaka ba Baba ke zaɓen iri ba, ita ce. In an kawo dami sai ta zauna ta ware masu tsawo, masu cikakken ido, waɗanda tsutsa ba ta taɓa ba, ta ɗaure ta rataye a madafa inda hayaƙi ke bugunsu. Ta aiki jikarta ta ɗauko na bana. Sun yi baƙi da hayaƙi, na murza ɗaya a tafin hannuna, ƙwayar ta zubo fes.

Asabar muka zauna mu tara, har da waɗanda ke aure a nesa ta waya. Uku daga cikin mata sun ce ƙasa suke so. Ɗaya ta ce kuɗi, mijinta ba lafiya. Yayyena uku suna kan bakansu, kuma da na ji dalilin kowa ban iya cewa komai ba, ɗaya 'ya'ya biyu zai aurar bana. Abin da aka tsaya a kai: za a kira malami da dagaci a auna. Masu sayarwa a ba su ta bakin titi, can dillalai ke so, kuma can ya fi kuɗi. Ni da Yaya babba da mata uku da iyayenmu mu haɗa namu a ciki wajen gawo, ba za mu sa iyaka a tsakani ba. Ɗa na biyu na Yaya babba, wanda dama shi ke bin Baba gona tun ƙafarsa ta fara rauni, shi zai riƙe. Ni zan ɗauki taki da kuɗin huɗa. Abin da zai rage kaɗan ya haura rabin gadon gonar, na sani. Rumbun kuwa kowa ya yafe a bar shi yadda yake har sabon gero ya shigo gida, sannan a raba.

Abu Sadik:
Allah ya jiƙan yaron, ya sa mai ceto ne. Malam Auta, na yi maganar garma ban san da wannan ba. Ka gaishe min da Inna. Abu ɗaya zan roƙa: yaron nan da zai riƙe gonar, a yanka masa rabonsa na amfanin a fili tun yanzu, a rubuta, kuma in yana karatu kada a cire shi.

Autan Gandu:
Ya gama sakandare bara. An yi maganar, kashi ɗaya cikin uku nasa ne, harawa da kara ma nasa. Zan sa a rubuta kamar yadda ka ce.

Maman Ilham:
Na yi kuka wallahi. Ka ce wa Inna wata 'yarta a Kano tana gaishe ta, Allah ya ba ta haƙuri, ya sa ta fita takaba lafiya. Kuma a sa 'yan matan gidan su zauna kusa da ita bana in tana zaɓen iri.

Tsohon Malamin Gona:
Kada ku haɗa wannan zangon da wani iri a gona ɗaya, gero iska ke ɗaukar garin furensa, yana saurin gauraya. In yaron na son ya gwada irin geron zamani na sosat saboda saurin nuna, ya kai shi gayauna can nesa. Sannan ina da roƙo. Ina da ɗan fili a bayan gida, in da hali a taimaka min da ko zangarniya biyu, zan zo har Ɗambatta in karɓa.

Ɗan Magarya:
Ni ma ina layi, ko cikin tafin hannu ne. Akwai motocin da ke zuwa mana ta Daura da Zangon Daura.

Autan Gandu:
Ranka ya daɗe, da kai da ɗan'uwanmu na Magarya duk na ji. Amma irin ba nawa ba ne, sai na tambayi Inna. Juma'a zan koma, dama za mu fara kai taki, an ce jiya an ga walƙiya ta gabas.